Kuskuren Suruki

Aikin Hadi a kamfanin Ustaz Mahmud shi ne neman laifin mutane, kuma albashi ake biyansa a kai. Wasu su rubuta manhaja, shi kuma ya zauna ya yi ta latsa ta ta inda ba a zata ba har sai ta fashe, sannan ya je ya gaya wa mai ita inda ta fashe. Mai gwaji ake ce masa. Mahaifiyarsa a unguwar Umbadda ta Omdurman ta daɗe ba ta gane wannan sana'a ba. Ranar da ya zaunar da ita ya yi mata bayani, sai ta ce to ai ƙanwar babansa ta tsufa tana wannan aiki, ba wanda ya taɓa ba ta ko sisi.

Kamfanin ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani a unguwar Alsahafa da ke Khartoum. Kullum Hadi sai ya ƙetare gada daga Omdurman, ya iso da gumi, ya tarar an tsaya a tsaye ana taron safe. Wannan taro Ustaz Mahmud ne ya zo da shi daga wani kwas da ya je a Dubai: kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da ya tare masa hanya. Sai dai duk wanda ya kuskura ya ce wani abu ya tare masa hanya, Ustaz Mahmud zai ɓata rai ya ce shi ba ya son masu kashe wa mutane gwiwa. Saboda haka a kamfanin nan ba abin da ya taɓa tare wa kowa hanya. Kowane aiki ka tambaya, saura kaɗan.

A shekarar nan aka samu aikin da ya fi duk waɗanda aka taɓa samu. Alhaji Uthman, mai manyan motocin da ke tashi daga tashar Suk al-Shabi zuwa garuruwan Madani da Sinnar da Kosti, yana son fasinja ya sayi tikiti ta waya, ya zaɓi kujerarsa yana kwance a gida. Sharaɗinsa ɗaya ne, a gama kafin Babbar Sallah, lokacin da rabin Khartoum ke komawa ƙauye cin nama.

Mutum biyu ne ke rubuta manhajar. Na farko Zubairu, wanda kowa ke kira Bashmuhandis, wato babban injiniya. Ya haura sittin, ya yi ritaya daga wani banki, kuma shi ke rubuta cikin manhajar, inda ake rabon kujeru da karɓar kuɗi. Na biyu Muzammil, saurayi da ya yi karatu a Indiya, shi ke rubuta fuskar da mutum ke gani a wayarsa. Ciki da fuska dole su yi magana da juna kafin tikiti ya fito. Masu su kuwa sun daina magana tun watan farko.

Abin da ya haɗa su ba wani babba ba ne. A wani taron safe Muzammil ya leƙa rubutun Bashmuhandis, ya yi dariya, ya ce irin wannan ya kamata a kai shi gidan tarihi a ajiye kusa da gumakan Fir'auna. Bashmuhandis bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya ce shi dai bai saba jayayya da masu fenti ba, tunda aikin yaron bai wuce zaɓen launi da zana maɓalli ba. Daga ranar kowa ya ja zarensa. Teburin Hadi kuwa a tsakaninsu yake.

"Hadi, gaya wa mai fentin nan na canja sunan abin da yake kira."

"Hadi, tambayi gidan tarihi wane suna ya sa."

Haka Hadi ya zama gada ta biyu, bayan wadda yake ƙetarewa da safe. Da shi ɗan kallo ne da abin ya zo masa da sauƙi. Amma Rawan, 'yar autar Bashmuhandis, wadda ke aikin gwajin jini a wani asibiti a Omdurman, ita ce wadda zai aura, har an sa rana bayan Sallah. Kuma ba da sauƙi aka ba shi ba. Su Bashmuhandis jikokin alhazai ne da suka yada zango a hanyar Makka, gidan malamai, gidan littattafai. Kakan Hadi kuwa auduga ya tsinta a gonakin Jazira har bayansa ya lanƙwashe. Bashmuhandis ya amince da auren, ya ce zamani ya canja, mutum duk mutum ne. Ya faɗi haka ranar tambaya, ya sake faɗi ranar sa rana, kuma yana ci gaba da faɗi duk inda ya samu masu sauraro, don kada wani ya manta da irin karamcin da ya yi.

Wata ranar Talata da azahar aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, kwamfutocin tebur suka mutu. Hadi yana zaune da wayoyin gwaji biyu, ɗaya a kowane hannu. Don rashin abin yi ya buɗe motar Madani a duka biyun, ya ɗora manyan yatsunsa a kan kujerar taga da ke bayan direba, ya latsa tare. Wayar dama ta ce Mabruk, wato barka, kujera taka ce. Wayar hagu ma ta ce Mabruk, kujera taka ce.

Ya sake. Suka sake taya shi murna su biyu. Da wuta ta dawo ya bi sawun abin, yana addu'a ya same shi a wajen Muzammil. Allah bai amsa wannan addu'a ba. Rubutun Bashmuhandis yana duba ko kujera ba kowa, sai ya tafi karɓar kuɗi, sai bayan ya dawo yake rubuta cewa an saye ta. A tsakanin tafiyarsa da dawowarsa kujerar a buɗe take, ko mutum goma suka zo kowa zai samu.

Hadi ya kwana yana shirya magana. Washegari ya je gefen teburin surukin nasa, ya ɗan rusuna, idonsa a kan takalmi.

"Baba, barka da aiki."

"Barka kadai. Yaya mutanen gida?"

"Suna gaishe ka. Baba, akwai wani ɗan abu da nake gani. In an latsa kujera ɗaya daga waya biyu, wani lokaci kamar dukansu suna samu."

Bashmuhandis ya dube shi ta saman tabarau. "A ina abin yake?"

Nan ne kunya ta kama Hadi. Mutumin da ko sunansa ba ya iya faɗi, yau shi zai ce wa ka yi kuskure, a gaban Muzammil da ya riga ya cire abin sauraro daga kunne ɗaya.

"Wataƙila wayar ce, Baba. Ko kuma yatsana."

"Wayar ce," in ji Bashmuhandis. "Na tsufa ina rubuta wa banki lissafi, ba a taɓa kirana an ce wani abu ya ɓata ba. In a waya kake gani, ai ka san mai waya."

Hadi ya koma teburinsa ya rubuta matsalar da sunan Muzammil.

Muzammil ba wawa ba ne. Kafin la'asar ya gano inda gizo ke saƙa. Ya ja Hadi ƙasa, wajen mai shayi a gindin bishiyar dalbejiya, ya saya masa shayi da na'ana'a, abin da bai taɓa yi ba.

"Ya zol, mutumina, ka san ba nawa ba ne."

"Ban ce naka ba ne. Cewa na yi ka duba."

"Na duba. Fentina lafiya lau."

"To ka gaya masa mana. Gyaran bai fi na wuni ɗaya ba."

"Ni? Ba ma magana. Kai ne mai gwaji, kuma kai ne ɗan gida." Muzammil ya kurɓi shayi yana murmushi irin na wanda aka yi wa albishir. "Kar ka damu kanka. Bari Alhaji Uthman ya gaya masa da bakinsa ranar tafiyar Sallah. Ina so in ga yadda zai goge tabarau a ranar."

Da suka hau sama Muzammil ya rufe matsalar, ya rubuta cewa ya duba bai ga komai ba.

Sai Hadi ya gwada Ustaz Mahmud. Ya same shi shi kaɗai, ya nuna masa da wayoyin biyu. Ustaz Mahmud ya kalla, ya ɓata rai.

"Hadi, da wannan intanet ɗin namu, da sai ka hau rufin ɗaki kafin saƙo ya tafi, wane ne zai latsa kujera ɗaya tare da wani a lokaci guda? Kai ne dai da ke da hannu biyu da rashin aikin yi. Matsalarmu ba ta manhaja ba ce, ta zukata ce. Na lura mutanen nan biyu ba sa jituwa."

Hadi ya ce haka ne.

"To bar min wannan. Akwai darasi guda a kansa a kwas ɗinmu."

Darasin ashe kifi ne. Ranar Asabar Ustaz Mahmud ya kwashe su zuwa Mawrada, bakin kogi, ya sa aka soya musu kifi tire guda, ya yi jawabi a kan cewa kamfani iyali ne. Bashmuhandis ya ce wa Hadi ya gaya wa wancan ya miƙo lemun tsami. Muzammil ya ce wa Hadi ya gaya wa wancan barkonon ya yi masa nisa. Suka ci suka ƙoshi ba wanda ya kalli wani. Ustaz Mahmud ya ɗauki hotonsu, ya sa a shafin kamfani, ya rubuta a ƙasa cewa haɗin kai shi ne sirrin nasara.

A hanyar komawa Hadi ya biya ta asibiti ya tarar da Rawan ta tashi daga aiki. Suna tafe a ƙafa zuwa tashar mota ya zayyana mata komai. Ta saurara har ya gama.

"Babana ba ƙwai ba ne, Hadi. Ka gaya masa."

"Ba za ki gane ba. Kunya ce."

"Ni in na ga ciwo a jinin mutum, ba na jin kunyarsa in rubuta masa lafiya lau. In ba za ka iya ba, ni zan gaya masa yau."

Hadi ya roƙe ta da Allah da Annabi kada ta yi. In maganar ta fito daga bakinta, Baba zai san ya kwashi zancen ofis ya kai wa 'yarsa, wannan kuwa ya fi na farko muni. Ya yi mata alkawari zai faɗa da kansa, da zarar an ɗaura aure an zama ɗaya.

"Auren bayan Sallah ne," in ji Rawan. "Motocin kafin Sallah za su tashi."

Ya ce Allah zai rufa asiri. Ta ce Allah ya ba shi baki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ana jibi Sallah, tun da safe Suk al-Shabi ta cika ta batse: masu akwatuna, masu buhunan sukari, masu raguna, mata da yara a hannu. An rataya babban kyalle da hoton waya a ƙofar ofishin Alhaji Uthman. An yi mako ana tallar cewa a bana ba layi, ba turereniya. Mutane kuwa sun ji, kuma duk wanda ya ji, kujerar taga ta gaba yake so.

Hadi yana tsaye kusa da motar Madani ta farko lokacin da aka buɗe ƙofa. Wani malamin makaranta ya shiga ya zauna bayan direba. Wata mata mai jiki, da lulluɓi shuɗi, ta zo ta ce ya tashi. Ya nuna mata wayarsa, ta nuna masa tata. Suna cikin haka wani tsoho ya hawo, ya bar ragonsa a hannun kwandasta, ya miƙo wayar da jikarsa ta saya masa tikiti da ita. Duk ukun Mabruk. Kwandasta ya leƙa baya ya ga kowace kujera da irin wannan shari'ar, ga kuma wasu a ƙasa suna ɗaga waya sama kamar masu rantsuwa. Motar Sinnar haka, motar Kosti ta fi.

Muzammil ya zo da shirinsa. Ya tsaya gefe yana ɗaukar bidiyo, fuskarsa kamar ta ango. Sai wani direba ya nuna shi ya ce ai ga wanda ya ƙera abin cikin wayar nan. Matar mai shuɗin lulluɓi ba ta san akwai wani ciki da ke bayan fuska ba. Abin da ta gani a wayarta shi ta sani, ga kuma mai shi. Ta sauko ta cire takalmi. Kafin Muzammil ya gama bayanin cewa nasa launi ne kawai, ya sha biyu a ka, wayarsa ta faɗi ƙarƙashin mota.

Bashmuhandis yana can nesa a inuwa, hannu a baya, yana gaya wa wanda ke kusa da shi cewa intanet ɗin ƙasar nan sai addu'a. Ustaz Mahmud ya kashe waya ya shige bayan wani kanti. Alhaji Uthman ya fito, rawaninsa ya karkace, ya sa aka yage kyallen, aka kira tsofaffin masu yankan tikiti da ya sallama, suka dawo da takarda da biro suna taku ɗai-ɗai. Har magariba ana sasanta mutane, wasu a mayar musu da kuɗi, wasu a ɗora su a benci a tsakiyar mota.

Bayan Sallah aka tsaya taron safe. Wannan karon Ustaz Mahmud da kansa ya ce yana so ya ji laifin wane ne. Muzammil ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki. Bashmuhandis ya riga shi, kuma a karo na farko cikin watanni ya kira sunansa.

"Muzammil, na ga an rubuta matsalar nan da sunanka tun kafin Sallah, ka rufe ka ce ba ka ga komai ba. Ba ka gani ba ne, ko ka gani ka yi shiru?"

Muzammil ya rufe bakinsa. In ya ce bai gani ba, mai fenti ne da gaske. In ya ce ya gani, ya ci amanar kamfani. Shi ma Bashmuhandis ya san in aka ja zaren, a teburinsa zai ƙare. Suka kalli juna, kowa ya riƙe wuyan wani. Sannan a hankali, kamar an haɗa baki, su biyun suka juyo suka kalli wanda ke tsaye a tsakaninsu.

"Ni tambayata ɗaya ce," in ji Bashmuhandis. "Aikin wane ne gano kuskure ya kai shi inda ya dace?"

"Maganar Bashmuhandis gaskiya ce," in ji Muzammil.

Fuskar Ustaz Mahmud ta washe. Ya ce ya san kifin nan ba zai tafi a banza ba. Ya juyo ga Hadi ya tambaye shi ko yana da abin cewa. Hadi yana da shi. Ya ɗaga kai ya haɗa ido da uban Rawan, sai ya sunkuyar.

"Malesh," ya ce. "A yi haƙuri."

Aka yi haƙuri, aka sallame shi a ranar.

Ba a yi mako ba Bashmuhandis ya aika wa kawun Hadi cewa a ɗaga ranar aure. Ba don komai ba, in ji saƙon, sai don uba ba ya miƙa 'yarsa ga wanda ba shi da aiki. Ɗan aiken ya ƙara da cewa ya ji Bashmuhandis yana faɗin aikin ƙwaƙwalwa ba na kowane gida ba ne.

Wannan ƙarin ne ya warkar da Hadi daga kunya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tafi gidan, aka shigar da shi falo. Ya gaida Bashmuhandis yadda ya saba, sannan ya zauna a kujera maimakon ƙasa.

"Baba, kuskuren nan naka ne. Kana duba kujera, ka tafi karɓar kuɗi ba ka kulle ta ba."

Bashmuhandis yana jan casbi. Can ya ce, "Na sani."

Hadi ya zaci bai ji daidai ba.

"Tun ranar da ka zo kana maganar yatsanka na duba na gani."

"To Baba, me ya hana a gyara?"

"In gyara, yaron can ya ga na gyara? Duk abin da na taɓa a rubutun nan yana fitowa a kwamfutarsa da sunana. Niyyata in bari ya tafi hutun Sallah in gyara a hankali. Wa ya san mutane za su yi wa abin caa haka?" Ya ajiye casbin. "Amma kai ma ba ka kyauta ba. Yaro ya tako har gida ya ce wa babba ya yi kuskure. A gidanmu ba a yin haka."

Rawan ce ta shigo da tiren kofi, kuma a bayyane yake ta daɗe a bayan labule. Ta ajiye tiren a gaban mahaifinta, ta zuba masa, ta miƙa da hannu biyu.

"Baba, ranar da aka sa tana nan yadda take."

"Ba a sa baki a maganar manya, Rawan."

"To, Baba. Zan je in gaya wa Umma abin da na ji, ita ai babba ce. Yau kuma Juma'a, su Goggo duk suna ciki."

Bashmuhandis ya san matarsa, ya san 'yan'uwansa mata. Labarin da ya shiga ɗakin nan da la'asar, kafin isha ya kai Alsahafa ya dawo. Ya kurɓi kofi, ya yi gyaran murya, ya ce shi dama bai ce an fasa ba, kuma arziki na Allah ne, ba a hana aure don rashin aiki.

Alhaji Uthman, da yake ya riga ya zuba kuɗinsa, ya sake ba kamfanin kwangilar gyara. Bashmuhandis da Muzammil suka gyara abin a safiya guda, suka ci abinci a kwano ɗaya, sannan suka sake ɓatawa a kan sunan wa za a fara rubutawa a rahoto. Ustaz Mahmud bai ɗauki wani mai gwaji ba, ya ce ya lura duk mugun labari daga teburin nan yake fitowa. Hadi ya koma shagon gyaran waya na kawunsa a Umbadda.

An ɗaura auren a ranar da aka sa. Da yamma, a cikin rumfar da aka kafa a titi, aka ba uban amarya abin magana. Bashmuhandis ya miƙe cikin farar jallabiya, ya yi wa ango doguwar nasiha a kan gaskiya da riƙon amana, ya ce namiji shi ne wanda ke faɗin gaskiya komai ɗacinta, ko a gaban wa. Muzammil yana sahun gaba yana gyaɗa kai. Hadi kuwa kansa a ƙasa, duk inda surukin nasa ya numfasa sai ya ce, "To, Baba."